Layun Yaya Tukur

Na san abin da kuka taso kuna ji game da baffanku Tukur, domin kunnena bai toshe ba tukuna. Ana cewa boka ne da ya ɓuya a cikin rigar malamin makaranta, ya raba wa manoma layun ƙarya, har wani bawan Allah ya rasa ransa a kansu. Kwanan nan ma wani ɗan adaidaita ya ɗauko ni daga asibiti, bai san ko ni wane ne ba, ya kwashe labarin ya ba ni har da ƙarin gishiri, wai baffanku yakan ɓace idan an zo kama shi. Na sauka a ƙofar gida ban ce masa uffan ba. To wannan shirun nawa shi ne ciwon, ya fi shekara talatin yana cina. Yanzu tsufa ya zo, idona ya fara hazo, ba na so in tafi da maganar a ciki. Ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wanda aka yi da shi.

Gidanmu na Gumel gidan dukanci ne tun kakan kakanmu. Takalmi, kube, gafaka, linzami, duk muna yi, amma abin da ya fi kawo mutane zaurenmu ɗinkin laya ne. Malami ya rubuta, ya naɗe, ya ɗaure da zare, mu kuma mu sa mata rigar fata. Abu na farko da mahaifinmu ya koya mini kafin ya ba ni basilla shi ne baduku ba ya leƙa abin da aka kawo masa. Mai layar ma ba ya buɗe ta, domin ranar da ido ya ga rubutun, ranar asirin ya karye. Wannan ko yaron goye a ƙasarmu ya san shi. Ni na gaji sana'ar, kuma ni bahago ne, ƙullina ta hagu yake kwantawa, duk inda na ga ɗinkina ina gane shi. Yaya Tukur kuwa boko ce ta ɗauke shi. Ya tafi birni karatun malanta, ya dawo da takardar shaida ɗaya da kwali biyu na littattafai, aka tura shi koyarwa Ɗanzomo. Ranar Juma'a yake zuwa gida a kan kekensa, ya koma Lahadi da la'asar.

Littattafan nan yawancinsu jan bango ne da su, da Turanci, takardunsu sun yi laushi saboda hannuwa da yawa da suka bi ta kansu. Duk magana ɗaya suke yi ta baki daban-daban: me ya sa mai noma ke kwana da yunwa mai awo yana ƙiba, me ya sa dajin da kakanka ya sare yake zama na wani da zarar ya zo da takarda mai hatimi, da yadda talakawan wasu ƙasashe suka haɗa kai suka sauke wannan kaya daga wuyansu. Yana zama a zaure ina ɗinki, ya karanta shafi, ya juya mini shi da Hausa, ya sa gero da riɗi a inda su suka sa masana'anta. Rabi ina ganewa, rabi ina gyaɗa kai. A bayan wani littafin akwai hoton wani Bature mai gemu buzu-buzu. Kakarku Inna ta gan shi wata rana tana shara. Da yake Yaya ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, ta kaina take aika masa ko yana zaune a wurin.

"Haladu, tambayi mai ɗakin can, wannan shehin nasa na wace ɗariƙa ne? Ban taɓa ganin malami da gemu haka babu rawani ba."

"Ka ce wa Inna ba ya salla," in ji Yaya yana dariya, "amma ya san dalilin da ya sa hatsinmu ke ƙarewa kafin damina ta tsaya."

"Wanda ba ya salla ya san cikin rumbuna? To Allah ya tsare."

Tun da na ambaci salla, bari in gyara muku wannan ma. Baffanku bai taɓa wasa da ita ba. A sahun gaba yake, kuma ya fi masu zaginsa da yawa tilawa.

Shekarar da nake ba ku labari zamanin mulkin soja ne. Wani attajiri daga birni, ba zan kama sunansa ba, ya je ya tarar da abin da ya shuka, ya zo da takardu ya ce ƙasar da ke bayan Gagarawa Tasha tasa ce. Aka wayi gari da turakun siminti a tsakiyar gonakin garuruwa bakwai, daga baya aka ja waya, aka kawo masu gadi baƙi da bindigogi. Aka tara mutane don a ba su haƙuri, manya suna zaune a kan kujeru. Yaya ya miƙe a tsakiyar taron, bai cire takalmi ba, bai durƙusa ba, ya tambaya a wace shekara attajirin ya cire ƙaya ko ɗaya a wannan ƙasa. Bayan kwana biyu wata mota mara lamba ta ɗauke shi a ƙofar makaranta. Ya yi kwana goma sha tara ba mu san inda yake ba, sai ga shi ya shigo gida da ƙafarsa wata hantsi, ya rame, amma fuskarsa babu ko ƙwarzane. Daga nan magana ta tashi cewa duka ba ya kama shi, ƙarfe ma ba ya kama shi, an gaji ne aka sako shi. Ni da na rufe ɗaki na gasa masa tafin ƙafa da gadon baya da ruwan zafi na san abin da ya kama shi. Ya hana ni faɗa saboda Inna. Tarin da ya dawo da shi kuwa bai rabu da shi ba har ƙarshe.

An zo an bincike gidan yana tsare, amma ba a sami littattafan ba, domin mahaifiyarku Rakiya ta binne su a cikin geron rumbu. Da ya sami sauƙi ya tono su, ya ce shiru ya ƙare. Zai tsamo gundarin abin da ke cikinsu ya rubuta da Hausa, da ajami, tun da manoman nan duk sun yi makarantar allo, boko ce ba su iya ba. Ya yi mako uku yana rubutu a kan takarda mara kauri, kowane gari da nasa, kowane mutum da ya amince da shi da tasa wasiƙar, guda arba'in. Matsalar ita ce hanya. A lokacin ana tsayar da motoci ana zazzage aljihu, takarda ko ta maganin tari ce sai an duba. To a nan ne ubanku ya kawo dabararsa, kuma na yi alfahari da ita kamar ni na ƙirƙiro gishiri.

"Yaya, ba ni su in ɗinke su kamar layu. Babu mai binciken da zai sa wuƙa a laya, ko wane ne shi."

Ya dafa kafaɗata.

"Ashe kana jin karatun nan. Ka ba mutanen a kasuwa, su kai gida su farke, a karanta wa jama'a a zaure."

Na zaɓi jar fata mafi kyau, na yi musu ɗinki biyu-biyu don kada zufa ta shiga, wasu da igiyar wuya, wasu kambun damtse. Ranar Alhamis nake cin kasuwar Maigatari, rumfata tana kusa da kara inda ake cinikin shanu. Mutanen da Yaya ya lissafa mini suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, an riga an gaya musu Malam yana da saƙo. Sai dai akwai wani mutum mai baƙin tabarau da ya mayar da bencin mai shayin da ke gefena wurin zamansa, ba ya saye ba ya sayarwa, kofi ɗaya yake sha tun hantsi har azahar. Tsoro ya kama ni. Na ɗauka Yaya ya riga ya yi musu bayani, shi kuma ya ɗauka ni zan yi. Saboda haka duk wanda ya zo sai in danna masa a tafin hannu in ce ƙasa-ƙasa:

"Saƙon Malam ne. Ka riƙe da kyau, kada kowa ya gani."

Shekara nawa ina jin malamai suna faɗar wannan maganar in za su ba da laƙani, amma ranar kaina bai kawo ba. Na ga suna karɓa da hannu biyu, wasu har da russunawa, na ce ladabi ne.

Bayan mako biyu na je suna Sule Tankarkar. Wata mata ta wuce ta gabana da goyo, kan yaron ya langaɓe yana barci, a wuyansa ga jar laya, ƙulli ya kwanta ta hagu. Na bi ta da ido har ta shige gida, abincin sunan nan ban iya ci ba. Alhamis da ta biyo na ga wata a ɗaure a ƙahon wani bijimi a kara. Na ga wata a rataye a bakin rumbu a hanyar Ɗanzomo. Wani dattijo daga wajen Damagaram, rawani har hanci, ya tsuguna a gaban rumfata ya ce an ba shi labarin malamin makarantar bokon nan da harsashi ba ya ci, shi ma yana son tasa, ko da raƙumi ne zai bayar. Arba'in na ɗinka, da hannuna na jera su a tabarma. A cikin wata guda na ƙirga hamsin da uku da idona, na daina ƙirgawa. Na ce wa kaina wasu dukawa ne ke kwaikwayo suna cusa farar takarda, kuma wataƙila haka ne. Amma na taɓa kama wata a wuyan ɗan maraƙi na juya ta, na ga har ɗan tsallaken da basillata ke yi saboda bakinta ya karkace. Har yau ban san amsar wannan ba, kuma na daina nema.

A gida ma abin ya fara shigowa. Inna ta tare ni a tsakar gida wata azahar, muryarta ƙasa.

"Haladu, gaya wa mai ɗakin can mutane sun fara yi mini irin gaisuwar da ba tawa ba. Jiya wata ta shafi bangon gidan nan ta shafa wa ɗanta a fuska. Ni ban haifi waliyyi ba, ban kuma haifi boka ba. Me kuke yi ne ku biyu?"

Na ce babu komai. Ta kalle ni ta tofar da yawu gefe ta shiga ɗaki.

Wata Asabar cikin bazara Yaya ya ce in raka shi ɗaya daga cikin garuruwan nan bakwai ya ga yadda ake ciki. Mun sauka a Gagarawa Tasha muka ƙarasa a ƙafa, rana tsaka, yashi yana ƙona mu ta cikin takalmi. Garin shiru kamar an yi ƙaura, ko kaza ba ta motsi. Da muka karyo kwana sai ga maza kusan ashirin a gindin tsamiya. Suna ganinsa suka miƙe gaba ɗaya, kowa ya ɗora hannun dama a kan damtsen hagu, daidai inda hannun riga ya ɗan tasa. Wani dogon mutum mai faɗin ƙirji ya fito daga cikinsu, Ɗan'azumi, wanda gonar ubansa ce ta farko da waya ta cinye. Mutum ne mai zuciya, irin wanda ake riƙewa a wurin dambe.

"Malam, saƙo ya iso, kuma yana aiki. Tun da ya zo hannunmu tsoro ya fita daga garin nan."

"Kun fahimci abin da ke ciki?"

"Mun fahimta, Malam. Mun riƙe."

"Alhamdu lillahi. To a yi aiki da shi yadda yake, kada a ƙara kada a rage."

Suka amsa da amin kamar an shafa fatiha. A hanyar komawa wata 'yar guguwa ta taso daga cikin gonakin da aka killace, ta bi gefen hanya daidai tafiyarmu. Muka tsaya Yaya ya yi tari, ita ma ta tsaya tana juyi a wuri ɗaya. Muka ci gaba, ta ci gaba. Ni ina ta karanta abin da ya zo bakina, shi ko kallonta bai yi ba. Idonsa ya kawo ruwa don murna.

"Ka gani, Haladu? Ana cewa talaka ba ya karatu. A ba shi da harshensa a gani. Ko yau na mutu, dukan nan bai tafi a banza ba."

Na buɗe baki na rufe. Zan gaya muku dalili, ba don ku yafe mini ba. Na ɗaya, ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, ga shi yana tarin jini a ɓoye. Na biyu, dabarar tawa ce, kuskuren nawa ne, kuma ina jin kunyar ya san ƙanensa wawa ne. Na uku shi ne mafi muni. Rumfata ta cika. Ko takalmi na ɗinka rububinsa ake yi, ana cewa hannun da ya ɗinka layun Malam ne. Ni da ake kira ɗan baduku, sai ga manyan dillalan shanu suna ce mini Malam Haladu, kuma abin ya yi mini daɗi.

Mahaifiyarku kaɗai na gaya wa. Tana tankaɗe ta ajiye rariya.

"Maigida, ka faɗa masa. Abin da hannu ya ɗinke, hannu ke farke shi. Yau ne da sauƙi, gobe sai ya fi."

"Juma'a in ya zo."

"Wannan Juma'ar?"

"Na ce Juma'a."

Juma'a biyar suka wuce. Kowace ta zo sai in sami dalili: yau ya gaji, yau tarin ya tashi, yau Inna tana kusa. Rakiya ta daina tambaya, sai dai in ta kawo masa tuwo ta ajiye, ta tsaya ta kalle ni kafin ta fita.

Alhamis ɗin da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga Ɗan'azumi a rumfata. Ya naɗe hannun riga, ya kwance kambun ya miƙo mini, ya ce maɗaurin ya saki, in sabunta masa. Fatar ta yi baƙi da zufa, ɗinkina yana nan ko zare ɗaya bai motsa ba.

"Ina so ya kama ni sosai. Ruwa na sauka zan shiga gonar babana in yi shuka."

"Cikin wayar? Kai da wa?"

"Ni da wannan." Ya nuna abin da ke hannuna, yana murmushi. "Sauran sun ce in fara su gani. Ai wani ne zai fara."

Layar tana hannuna na hagu, wuƙar dukanci tana kan gwiwata. Yanka ɗaya ne. Ko ban yanka ba, in ja shi bayan rumfa in ce, bawan Allah, wasiƙa ce, je ka karanta. Na ɗaga kai na ga mai baƙin tabarau yana juya cokali a kofi. Na ga mutum shida suna tsaye suna jiran in gama in kula su, suna kallon layar kamar masu kallon jariri. Na ji a raina in na faɗa, kafin la'asar duk kasuwar ta ji, ko dai a sake ɗauke Yaya, ko a farfasa rumfata. Na sunkuyar da kai na yanko sabuwar fata. Da na gama ya miƙo damtsensa, ni da kaina na ɗaura masa, na ja ƙullin har ya ce ya yi.

"Ka dai bi a hankali," na ce.

"Allah ya saka da alheri, Malam Haladu. A gaida Malam."

Ruwa ya sauka ranar Asabar. Lahadi da safe Ɗan'azumi ya saɓa sungumi, ya rataya ƙwaryar iri, ya ɗaga waya ya shiga. Abin da ya faru waɗanda suka gani ne suka faɗa, kuma suna da yawa, domin mazan garin duk sun fito sun tsaya a kan tudu daga nesa, kowa hannunsa a kan damtse, suna jira su ga aikin laya. Masu gadi suka daka masa tsawa sau uku. Ya juyo ya buga damtsensa da tafin hannu, ya ci gaba da sara. Sun ce ya yi rami goma sha ɗaya. Ko da ya faɗi babu wanda ya motsa daga kan tudun, sun daɗe a tsaye suna jiran ya tashi.

Ranar sadakar uku muka je ta'aziyya ni da Yaya. Duk hanya Yaya yana maimaita abu ɗaya: "Me ya kai shi shi kaɗai, bayan abin da na rubuta masa?" An yi rumfar zana a ƙofar gidan, cike da maza, matan suna ciki ta bayan zanan. Bayan an yi addu'a sai baffan mamacin, wani tsoho da ake kira Baba Alhasan, ya ciro wani ƙulli na tsumma daga aljihu ya ajiye a gaban Yaya da hannu biyu.

"Malam, ga amanarka, wajen wanka muka cire. Ba mu zarge ka ba, kwana ne ya ƙare. Amma ka zama shaida, yaron nan ya kiyaye sharaɗi. Bai taɓa buɗe ta ba."

Yaya ya kwance tsumman, ya ga kambun a ɗinke.

"Bai buɗe ba?"

"Haba Malam, wa zai buɗe? Dukanmu nan babu wanda ya karya maka sharaɗi. Ku nuna masa."

Suka fara naɗe hannun riga, ɗaya bayan ɗaya, daga wannan gefen rumfar har wancan. Jar fata a kowane damtse, a ɗinke. Yaya ya bi su da ido har na ƙarshe. Bai kalle ni ba, hannu kawai ya miƙo mini.

"Ba ni wuƙarka."

Da suka ga ya ɗora wuƙa a kan ɗinkin, sai rumfar ta motsa. Wani ya yi salati. Baba Alhasan ya rufe fuska da hannun riga ya miƙe, sauran suka bi shi, wasu ko takalmi ba su tsaya sawa ba, a hannu suka kwashe. Kafin ya gama farkewa babu kowa sai ni da shi da tabarmi. Ya warware takardar, fara fat kamar jiya aka rubuta ta. Ya ɗaga murya yadda yake yi a aji, ya karanta wa tabarmin nan. Na haddace ta, domin babu ranar da ba na jin ta.

"Zuwa ga Ɗan'azumi da mutanen garinsu. Littattafan da na karanta sun saɓa wa juna a abubuwa da yawa, amma sun haɗu a kan abu guda: mai ƙarfi ba ya tsoron jarumi, taro yake tsoro. Idan ruwa ya sauka ku fita shuka gaba ɗaya, garuruwa bakwai rana ɗaya, maza da mata da tsofaffi, a fara da gonar wanda ya fi kowa rauni. Idan ba ku cika ba ku koma gida ku jira. Kai kuma Ɗan'azumi, na san zuciyarka. Na haɗa ka da Allah kada ka je kai kaɗai. Babu abin da zai tare maka harsashi. Ni ma dukana aka yi har na kasa tsayuwa, ƙanena ne ya gasa mini jiki."

Ya sauke takardar. Sai muka ji murya ta bayan zana, daf da mu. Matar mamacin ce, tana takaba, ita ba ta da inda za ta gudu.

"Malam, wannan duk a damtsensa yake?"

"A damtsensa yake."

"Ya iya karatu fa. Shi yake yi wa yara tilawa."

Ba mu ji kuka ba. Mun ji dai tafiyarta tana komawa ciki.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Waɗanda suka gudu ba su ji karatun ba, sai suka ce ya farke layar ne don ya ɓatar da sawun ƙaryarsa. Wasu suka jefa nasu a tsohuwar rijiya, wasu suka binne, ban ji wanda ya buɗe ba. Ita matar ta faɗi abin da ta ji, aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta. Gonakin suka tafi. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga ajinsa, aka daina ba shi hannu a masallaci. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi, ya ce ga wanda na aika, ga abin da ya faɗa. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, na bar shi ya ɗauka, kuma damina biyu ya ƙara a duniya. Littattafan suna cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, har yanzu in ka girgiza su gero yana zubowa.

Magana ɗaya muka taɓa yi a kan wannan, ranar ta'aziyyar, a Gagarawa Tasha muna zaune a kan benci muna jiran motar Gumel. Fatar da ya farke tana hannunsa yana juya ta.

"Tun yaushe ka sani?"

"Mako goma."

"Wa ya sabunta masa maɗaurin? Wannan sabuwar fata ce."

"Ni ne, Yaya. Ranar Alhamis."

Na jira ya mare ni, ko ya tsine mini, wallahi da na ji sauƙi. Ya ɗaga fatar ya duba ɗinkin a hasken rana, ciki da waje, yadda mahaifinmu yake duba aiki. Sannan ya buɗe tafin hannuna ya sa mini ita ya rufe.

"Ɗinkinka ya yi kyau, Haladu. Ko zufarsa ba ta taɓa takardar ba."

Motar ta zo muka shiga. Ya matsa ya ba ni wajen taga, kamar yadda ya saba tun muna yara.